Layin Majinyata: Ƙananan Jiragen Ƙasa Masu Jiran Gyara

A ƙuryar ɗakin da muke ajiye kayan koyar da kimiyya a makarantarmu akwai wani tsohon kabad na katako mai hawa uku. Hawan sama na lafiyayyu ne. Hawa biyun da ke ƙasa kuwa yara sun raɗa musu suna "asibiti", don a nan ne kawunan jirgin ƙasa huɗu da taragu goma sha ɗaya suke kwance, kowanne da 'yar takarda ɗaure a jikinsa da zare. Kada hankalin mai karatu ya tashi, ba kayan Gwamnati na kwaso ba. Mafi girma a cikinsu bai kai tsawon rular ɗan makaranta ba.

Yadda aka yi suka zo hannuna shi ne, wata ranar Asabar cikin shekarar 2021 na shiga kasuwa a nan Kumasi neman tsohuwar fanka, sai na tsaya wurin wani mai sayar da kayan kwantena, irin waɗanda Turawa suka gama mora aka lodo mana. Can ƙarƙashin tulin tukwane da duwatsun guga na hango wani kwali da ruwa ya taɓa. Ko da na buɗe, sai ga ƙananan jirage an zuba su kamar gawayi, haɗe da guntayen dogo da akwatin ba da wuta. Mai kayan ya ce, "Malam, kayan wasan yara ne, duk sun mutu. Kawo abin da ya sawwaƙa." Na ba shi abin da bai kai kuɗin fankar ba, na rungumo kwalina. Da uwargida ta ga na dawo da kwali babu fanka, abin da ta faɗa ba na shafin jarida ba ne.

Mai kayan bai san abin da ya sayar ba, ni ma a ranar ban san abin da na saya ba. Sai daga baya na gane cewa a Turai da Amurka da Japan wannan sha'awa ce ta manya, har da masu furfura. Mutum zai ware ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa dogo a kan tebur, ya gina tasha da gada da duwatsu da 'yan gidaje, ya yi shekara ashirin yana ƙarawa yana ragewa. Abin ya samo asali tun da daɗewa. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya baje jirgi mai wani irin na agogo, da dogon da ake harhaɗawa, a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a 1900. A Ingila kuma Frank Hornby, mutumin Libaful, ya fito da nasa a 1920, kuma har yau sunansa na kan kwalayen jiragen da ake sayarwa a can. 'Yan'uwanmu "boga" da ke Hambug, garin da ma daga sunansa aka samo wannan laƙabi, suna iya zuwa su gane wa idonsu mafi girman irin wannan shimfiɗa a duniya, wato Miniatur Wunderland, wadda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Tsawon dogon da ke cikinta ya haura kilomita 16.

Abin da ya fara jan hankalina a matsayin malami shi ne lissafin da ke ciki. Ba da ka ake ƙera waɗannan jirage ba. Kowanne kwafin wani jirgi ne na gaske da aka rage shi bisa awo. Awon da ya fi yawa a duniya ana ce masa HO, ma'ana an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 87 an ɗauki ɗaya. Faɗin dogon da yawancin ƙasashe ke amfani da shi milimita 1,435 ne. Na ba 'yan aji biyu su raba da 87, suka samo 16.5, muka ɗauko rula muka auna guntun dogon da ke cikin kwali, sai ga shi daidai. Ranar nan na ga yaran da ba su taɓa yarda cewa lissafi na da wani amfani ba sun yi tsit. Mutanen Ingila, kamar yadda suka saba, nasu daban ne: suna raba jikin jirgin gida 76, amma su ɗora shi a kan wannan dogo mai 16.5, suna kiran awon OO. Akwai kuma ƙanana irin su N mai dogo milimita 9, da Z wanda Märklin ya fito da shi a 1972, mai milimita 6.5 kacal. Daga nan na tambaye su, to namu fa? Tsohon dogon Ghana ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. In aka raba da 87 za a sami 12 da ɗan ɗoriya. Ke nan wanda ke son ya kwaikwayi keteken da iyayenmu suka hau, dogon da ke cikin kwalina ya yi masa faɗi.

Yadda jirgin ke tafiya ba shi da wuyar ganewa, shi ya sa ma ya dace da darasin lantarki. Akwatin wuta yana rage wutar gida zuwa volt 12 ko ƙasa. Wutar ta bi ta ƙarfen dogo na dama, ta hau ƙafafun jirgi, ta shiga ɗan injin lantarkin da ke cikinsa, ta fito ta ƙarfen hagu. An ƙara wuta ya ƙara gudu, an juya wayoyi ya yi baya. Shi ke nan. Amma fa duk inda wannan hanya ta yanke, ko da da ƙwayar ƙura ce, jirgi ya tsaya cik. A nan ne labarin asibitinmu ya fara.

Cututtukan Kan Jirgi

Daga cikin kawuna shida da na tarar a kwalin, babu ko ɗaya da ya motsa a ranar farko. Biyu sun tashi cikin mako guda, kuma ba wata gwaninta na yi ba. Datti ne kawai. Ƙura da mai sukan haɗu su zama wani baƙin danƙo a kan ƙafafu da saman dogo, su hana wuta wucewa. Auduga da ɗan sifirit na asibiti suka yi maganinsa. Mu nan da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, sai an riƙa shafewa kusan kullum. Kada a kuskura a goge dogon da takardar yashi ta kafinta, domin tana barin ƙananan zane da datti ke samun wurin zama a ciki. Na yi wannan kuskuren, shi ya sa nake faɗa.

Cuta ta biyu ita ce tsohon giris. Jirgin da ya yi shekara talatin a rufe, giris ɗin da ke cikin giyarsa yakan bushe ya daskare kamar ƙanzo. Mai gaggawa sai ya ƙara wuta don ya tilasta masa, injin yana ƙugi ba ya juyawa, kwayil ya yi zafi ya ƙone. Jirgin da wanke giya kawai yake bukata sai ya koma mai bukatar sabon inji. Haka nan akwai 'yan guntayen gawayin nan biyu da masu gyaran janareto ke kira burushi, waɗanda ke gogar amecha suna miƙa mata wuta. Sukan cinye, garinsu kuma ya cike 'yan tsagogin da ke tsakanin faranten jan ƙarfen, sai ka ga jirgi yana hayaƙi alhali ba mai kwal ba ne. Da tsinken sakace ake fitar da garin, a hankali. Shi kuwa mai, ɗigon da zai tsaya a bakin allura ya isa. Wani yaro ya taɓa kawo mini man gyaɗa a murfin kwalba don taimako, na gode masa, na kuma bayyana masa cewa man girki yakan yi kauri ya kama, man injin mota kuma yana iya lalata wasu robobin.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Masu wuyar su ne suka cika mana hawa biyun nan. Akwai giyar roba da ake cusa wa sandar ƙafa da ƙarfi tun a masana'anta. Da tafiya ta yi tafiya robar takan ƙanƙance, ƙarfen da ke cikinta kuwa yana nan yadda yake, sai ta tsage. Alamarta ita ce jirgin ya riƙa tafiya yana ƙas-ƙas-ƙas yana ɗingishi a kowane zagayen ƙafa. Giyar ba ta kai ƙwayar wake ba, a can ƙasarsu kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma kuɗin aiko ta nan ya ninka kuɗinta sau da yawa, in ma har ana ƙera irinta. Kawuna biyu ke nan suke jiran wannan 'yar aba.

Na uku kuwa cutarsa ba ta da magani. Ana zuba gangar jikin jirage da yawa da wani haɗin ƙarfe na tutiya. In aka yi sakaci dalma ko da 'yar kaɗan ce ta shiga haɗin lokacin narkawa, bayan shekaru sai ƙarfen ya fara kumbura, ya yi tsaga-tsaga, daga ƙarshe ya marmashe a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli. An fi ganin haka a kayan da aka yi daga shekarun 1930 zuwa 1950, ko da yake yakan ɓulla a wasu na baya-bayan nan ma. Danshi yana ƙara masa sauri, ga shi kuwa Kumasi ba ta rasa danshi. Ba gam, ba walda, ba fenti da zai tsayar da shi.

Taragu su ma da nasu. Yawanci ƙugiyar haɗi ce matsalar, domin ta Ingila daban, ta sauran Turai daban, ta Amurka mai kama da dunƙulallen hannu ita ma daban, kwalina kuwa gambiza ce. Wani taragon kuma rashin nauyi ke damunsa, da an zo kwana sai ya yi tsalle ya bar dogo. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar cewa taragon HO ya yi nauyin oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Tarago mai inci 6 ke nan zai yi oza 4, wajen giram 113. Muka ari sikelin ɗakin kimiyya, muka liƙa tsofaffin notina da muka tsinto a Magazin ta Suame a cikin taragun, uku suka warke a rana ɗaya.

Ba ni na ƙago dabarar ware marasa lafiya ba. Daga jiragen gaske aka kwaikwayo ta. A kowace babbar tasha akwai mai duba taragu, wanda ke bin jirgi yana leƙa ƙafafu da birki da ƙugiya. In ya ga aibi sai ya maƙala wa taragon kati, a cire shi daga jerin, a tura shi wani layi na gefe. Amurkawa suna kiran wannan layi RIP, wato wurin da ake gyara a nan inda tarago yake ba sai an kai shi babbar ma'aikata ba. Ma'aikatan jirgin Indiya suna ce masa layin marasa lafiya, na Ingila kuwa layin guragu. Masu ƙananan jirage sai suka ɗauki abin: suna gina irin wannan layi a kan teburinsu, duk taragon da ya yi gardama a tura shi can. Abin dariyar shi ne, tarago mai jiran gyara a gefen tasha yana ƙara wa shimfiɗar kama da gaske. To, a ganina haɗarin ke nan. Abin da ya yi kyau a inda yake kwance, wa zai yi gaggawar tayar da shi?

Mu ma mun yi kati. A kowace takarda ana rubuta ranar da jirgi ya kwanta, da abin da ke damunsa, da abin da ake bukata. Yara ne ke rubutawa, ni sai dai in gyara musu kuskuren rubutu. Na yi zaton da haka na gama tsara komai, ashe da sauran rina a kaba.

Kai na huɗu da ke asibitin, lokacin da ya zo, burushi kawai ya rasa. Ina jiran in samo, sai fitilar ɗaya daga cikin lafiyayyun ta mutu ana gobe baƙi za su zo makaranta. Na ce bari in ari ta majinyacin, ai ba tafiya yake yi ba. Bayan wata biyu na ari sifirin. Daga nan sai ƙugiya, sai ƙafa biyu. Ban rubuta ko ɗaya a katin ba, don kowane lokaci niyyata in mayar. Rannan wata yarinya 'yar aji uku, wadda ita ce mai kula da katunan a zangon, ta ɗago shi ta ga babu nauyi, ta leƙa ciki ta ga wayam. Ta ce, "Malam, shi wannan har yanzu jinya yake yi, ko in rubuta ya rasu?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Katin da ke wuyansa yana ɗauke da kwanan watan 2022, kuma har a lokacin abin da ke rubuce a kai shi ne "burushi".

Abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata ɗan abin wasa ya dami magidanci, kuma na san dalili. Ina ƙaramin yaro mahaifina ya ɗauke ni a jirgin dare daga Kumasi zuwa Takoradi, za mu gaida dangi a zangon Sekondi. Wannan dogo shi ne na fari a ƙasar nan. An fara shimfiɗa shi daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901, ya iso Kumasi a 1903. Na Akra zuwa Kumasi ya haɗe a 1923, aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Takoradi a 1928. Kakanninmu fataken goro sun ci moriyarsa, domin da zuwansa goron Asante ya sami hanyar gangarawa bakin teku a loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon doguwar tafiyar jakuna ta Salaga. Ma'aikatar gyara da ke Location a Sekondi ta horar da makanikai masu yawa, kuma ma'aikatan jirgin Sekondi da Takoradi su ne ƙashin bayan yajin aikin 1950 da na 1961. Daga cikin dogon nan mai tsawon kilomita 947, kaɗan ne ya rage da jirgi ke bi. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da kuɗin ƙasashen waje ya yi wuya, kayan gyara suka yanke. An ɗan farfaɗo da layin yamma da rancen Bankin Duniya a shekarun 1980, daga baya abin ya sake komawa. Jirgin daren da na hau ya daɗe da daina zuwa, 'yan kasuwa sun baje kolinsu a kan dogon da ke tsakiyar Kumasi. Ba na ce abin da ya faru a kabad ɗina shi ne dukan abin da ya faru da dogon ƙasa ba, wannan magana ce mai rassa da yawa. Amma duk makanikin da ka tambaya, na jirgi ne ko na bas, ya san yadda ake cinye mota guda don a rayar da 'yar'uwarta, ya kuma san cewa wadda aka ara daga jikinta ba kasafai take sake tashi ba.

Ko sabo ma bai tsira daga layin majinyata ba. Sabon dogon Tema zuwa Mpakadan mai kilomita 97, wanda aka yi shi da faɗin 1,435, an ƙaddamar da shi a Nuwamba 2024. Amma tun a watan Afrilu na shekarar, sabon jirgin da aka sayo daga Poland yana cikin tafiyar gwaji ya yi karo da wata babbar mota da aka bari a kan dogo. Bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba ya shiga jiran gyara.

Wanda ya fitar da ni kunya wani dattijo ne mai gyaran agogo a unguwarmu, wanda sana'arsa ta ja baya tun da kowa ya koma duba lokaci a waya. Na kai masa kai ɗaya mai tsagaggiyar giya, ba don ina sa rai ba. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya daɗe yana juya ta da hantsaki. Na ce, "Baba, in ba za ta yiwu ba kada ka wahalar da kanka." Ya ce, "Malam, ku 'yan boko da kun ga abu ya tsage sai ku ce a aiko daga Turai. Bar mini shi zuwa Laraba." Da na koma, ashe ya yanko ɗan zobe daga bututun tagulla na wata tsohuwar eriyar rediyo, ya matse wuyan giyar da shi har tsagar ta rufe, ya mayar da ita kan sandarta. Jirgin yana ɗan ƙara har yanzu, amma yana jan taragu biyar ba ɗingishi. Ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya roƙa kawai shi ne in bar shi ya zo ya ga yadda yake tafiya. Ya zo ranar wata Alhamis, yara suka ba shi kujerata, ya yi kusan awa guda yana nuna musu yadda ake riƙe sukudireba ƙarama ba tare da an cinye kan sukurun ba. Yanzu yara uku suna zuwa rumfarsa ranar Asabar da izinin iyayensu, biyu maza ɗaya mace.

Ga wanda ya ci karo da irin wannan kwali a Kantamanto ko Kejetia, ya fara duba akwatin wutar kafin komai. In daga Amurka ya fito, na volt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, yana jona shi zai ƙone. Ya kuma kifa jirgin ya duba cikinsa. In ya ga wani dogon ƙarfe mai kama da cokali a tsakanin ƙafafu, to mai ɗaukar wuta daga tsakiyar dogo ne irin na Märklin, ba zai yi tafiya a kan dogo mai ƙarfe biyu ba ko da lafiyarsa lau. Haka nan jiragen zamani da yawa suna ɗauke da 'yar na'ura mai karɓar umarni ta tsarin da ake kira DCC, wanda ya bazu tun shekarun 1990, su ma sai da nasu akwatin suke nuna duk abin da suka iya. In kuwa ya ga tsaga-tsaga a jikin ƙarfen kamar ƙasar fadama da rani, ya saya don kayan cikinsa kawai.

A halin yanzu dai kawuna uku ne a hawan sama, uku a ƙasa. Mun yi sabuwar doka, yarinyar nan ce ta kawo ta: ba a cire ko sukuru ɗaya daga jikin majinyaci sai an rubuta a katinsa da jan biro, an kuma rubuta wanda aka ba. Katin na huɗun ya cika har an ƙara masa takarda ta biyu. Mai ciwon tutiyar mun yanke shawarar shi ne zai ba da injinsa da ƙafafunsa ga na huɗun in hutu ya zo, tunda awonsu ɗaya ne, Baba kuma ya ce zai gwada ya fiƙe burushi daga gawayin tsohon batir. Duk mai karatun da ke da guntun dogo mai faɗin milimita 16.5, ko wani mataccen kan jirgi da ke kwance a ƙarƙashin gado, yana iya aiko mana ta hannun Edita.